Bindiga da abincinta: tarihin harsashi a ƙasar Madarunfa

Maharba sun san kowace bindiga da irin harsashin da take ci. Amma tun da daɗewa mutane ke neman dabarar da za ta sa bindiga ɗaya ta ci harsashi iri biyu. Bari mu duba yadda abin ya faro, da yadda ya shafi ƙasarmu.

Bayan da mayaƙan Shehu Usumanu suka ci Katsina a 1807, sarakunan Katsinawa sun yi ƙaura zuwa arewa. Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Ƙasar Madarunfa, da tafkinta da dazukanta, ta zama tsakanin abokan gaba biyu. A zamanin nan ƙarfin yaƙi yana ga doki da mashi da kibiya mai dafi. Bindiga kaɗan ce, kuma ta ɗuri ce: a zuba albarushi ta baki, a bi shi da dalma, a danna, ƙanƙara ta ba da wuta. Tana da jinkiri, shi ya sa ake yi mata kirari da harba-ka-ruga. Amma ba ta zaɓen abinci. In babu dalma, guntun ƙarfe ma ya isa. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, har albarushi da igwa ya sa aka yi masa a Zinder.

A Turai kuwa abin ya sake. A 1866 sojan Faransa suka karɓi bindigar Chassepot, mai harsashin takarda. A 1874 aka kawo Gras, mai harsashin kwanson ƙarfe. To, yaya za a yi da dubban tsofaffin bindigogi? Sai aka ƙwaƙule gindin bututunsu, aka cusa wani guntun bututun ƙarfe a ciki, daidai da sabon harsashi. Tsohuwar bindiga ta koyi cin sabon abinci. Italiya ma ta yi haka lokacin yaƙin duniya na farko: ta sa siririn bututu cikin bindigar Vetterli, bakinta ya tashi daga milimita 10,4 ya koma 6,5. Sai dai sabon albarushi marar hayaƙi ya fi ƙarfin tsohon ƙarfe, don haka galibi sojan da ke bayan fagen daga aka ba su.

Da bindigar Lebel ta fito a 1886, Gras ta tsufa. Aka sayar da su da yawa, aka share zanen cikin bututun wasu, suka koma bindigogin farauta masu watsa ƙananan dalma.

Mutanenmu kuwa an rufe musu wannan ƙofa. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burusel, suka hana sayar wa mutanen Afirka ta tsakiyar nahiya bindigogin zamani. Mai ƙanƙara kaɗai aka bari. An ga sakamakon a 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa, ta ƙone Birnin Ƙwanni, ta yi ɓarna har Maijirgi. Baka da bindigar ɗuri ba su iya tare mai harsashi ba.

A zamanin mulkin mallaka, mai bindigar harsashi sai da takardar izini, harsashin kuma sai an saya a kanti. Wato wanda ya riƙe harsashi shi ya riƙe bindiga. Saboda haka maharban karkara suka riƙe ta ɗuri, wadda maƙerin gari zai iya gyarawa.

Yau a Turai da Amurka ana ƙera bututun da ake zurawa cikin bindigar farauta, ta harba ƙaramin harsashi, a zare shi in an gama. A masana'anta ake yinsa, da ƙarfen da aka auna. Duk da haka saitinsa bai kai na bindigar asali ba. Wanda ya ce zai kwaikwaya da bututun ruwa a maƙera, yana sayar da yatsunsa da idanunsa ne, domin ƙarfen da bai iya riƙe wuta ba a hannun mai shi yake fashewa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tun wajen 2019 ƴan fashin daji masu ƙetaro iyaka sun addabi ƙauyukan Madarunfa da satar shanu da kama mutane, har wasu na ganin mafita ita ce kowa ya nemi makami. Mu tuna a shekarar 2000 a Agadas tara bindigogi aka yi aka ƙone su, don a tabbatar da sulhu. Mai bindigar farauta ya nemi izinin hukuma, ya ba ta harsashin da aka yi dominta, ya ajiye ta nesa da yara. Rigakafi ya fi magani.