Yadda ɗalibin shari'a zai tsara takardar CV don neman aikin lauya a Najeriya

Takardar CV, wato taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mutum, ita ce abu na farko da ofishin lauyoyi ko ma'aikatar shari'a ke gani daga mai neman aiki. Tana da nauyi na musamman ga ɗalibin shari'a, domin rubutu shi ne ginshiƙin sana'ar da yake son shiga. Lauyan da zai karanta ta yana auna abu biyu a lokaci guda: abin da ɗalibin ya yi, da yadda ya iya bayyana shi a rubuce. Saboda haka kowane layi a cikinta da'awa ce, kuma kamar yadda yake a kotu, mai da'awa shi ke kawo hujja.

Matakin da ɗalibi yake

Karatun lauya a Najeriya hawa-hawa ne, kuma wajibi ne takardar ta nuna daidai inda mai ita ya kai. Matakin farko shi ne digirin LL.B a jami'a, wanda ke ɗaukar shekara 5 ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB daga sakandare. Na biyu shi ne Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a 1963, hedikwatarta kuma ta koma Bwari a Abuja a 1997. Tana da rassa a Legas, da Bagauda a jihar Kano, da Agbani a jihar Enugu, da Yola, da Yenagoa, da Fatakwal. Na uku shi ne rantsarwa a gaban majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers, sannan a shigar da sunan mutum cikin rajistar lauyoyi a Kotun Ƙoli, a ba shi lamba.

Sai bayan wannan rajista ne mutum yake zama lauya a idon doka. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya mayar da shi laifi ga wanda ba lauya ba ya nuna kansa a matsayin lauya. Don haka ɗalibin aji huɗu zai rubuta cewa yana aji huɗu, ya faɗi shekarar da yake sa ran kammalawa. Wanda ya rubuta jarrabawar ƙarshe ta makarantar lauyoyi yana jiran sakamako, haka zai rubuta. Wanda aka riga aka rantsar zai sa wata da shekarar rantsarwar, tun da da ita ake ƙirga daɗewar lauya a sana'a. Ko bayan rantsarwa, ba a so lauya ya maƙala kalmar Barista a gaban sunansa a rubuce, domin kwamitin ladabtar da lauyoyi ya taɓa bayyana hakan a matsayin abin da ya saɓa wa ɗa'ar sana'ar.

Bayanan da ke saman takarda

A saman shafi ana sa cikakken suna, da lambar waya, da adireshin imel, da garin da mutum yake zaune. Dole sunan ya zo daidai da yadda yake a takardun jami'a, da na makarantar lauyoyi, da katin shaidar ɗan ƙasa. Wannan na da muhimmanci ga masu sunayen da ake rubutawa ta hanyoyi da dama, kamar Muhammad da Mohammed, ko A'isha da Aishatu. Idan an samu saɓani, sai a gyara shi da takardar rantsuwa a kotu tun kafin lokacin tantancewa ya zo. Adireshin imel kuma ya kasance da sunan mutum na yanka, a bar na laƙabi ga abokai.

Ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu ba su cika buƙatar addini, ko ƙabila, ko matsayin aure, ko hoto ba, sai idan sanarwar aikin ta nema. Aikin gwamnatin tarayya ya bambanta: sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi a yi raba daidai tsakanin sassan ƙasa, shi ya sa ake neman jihar asali da ƙaramar hukuma, sau da yawa har da ranar haihuwa.

Sashen karatu

Ga ɗalibi ko wanda ya gama kwanan nan, karatu ne ke zuwa farko, a jera daga na baya-bayan nan zuwa na da. Kowane mataki na ɗauke da sunan makaranta, da shaidar da aka samu, da shekara, da darajar sakamako. A mafi yawan jami'o'in da ke lissafi kan maki 5, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba kuma daga 3.50. Idan sakamakon mai kyau ne a rubuta shi. Idan matsakaici ne, ana iya ambaton darussan da ɗalibi ya yi fice a cikinsu da suka dace da aikin, amma ba a ƙara ko ɗigo a kan makin gaskiya, domin manyan ofisoshi kan nemi cikakkiyar takardar sakamako daga jami'a.

Wanda ya haɗa shari'ar Musulunci da dokokin da aka gada daga Ingila, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ya kamata ya bayyana haka a sarari. Ƙarin daraja ce a ofisoshin da ke ɗaukar shari'o'in gado da aure da wasiyya, da kuma bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Taken kundin kammala digiri shi ma yana shiga nan a layi ɗaya. Makarantar firamare ba ta da gurbi, sai in fom na gwamnati ya tambaya.

Gogewa a aikace

Wannan sashe ne ya fi ba ɗalibai wahala, saboda da yawa suna ganin ba su taɓa aiki ba. Amma abubuwa da dama na lokacin ɗalibta gogewa ce ta gaske. Akwai zaman koyon aiki a ofishin lauyoyi lokacin hutu. Akwai tura ɗaliban makarantar lauyoyi da ake yi zuwa kotuna da ofisoshin lauyoyi, wanda ɓangare ne na manhajarsu. Akwai cibiyoyin ba da taimakon shari'a kyauta na jami'o'i, waɗanda ƙungiyar NULAI, da aka kafa a 2003, ta taimaka wajen yaɗa su, inda ɗalibai ke ziyartar masu jiran shari'a a gidajen gyaran hali. Akwai kuma shekarar hidimar ƙasa, inda ake tura lauyoyi ma'aikatun shari'a, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ofisoshi masu zaman kansu.

Abin da ke bambanta takarda da takarda shi ne yadda aka bayyana aikin. Rubuta cewa ɗalibi ya taimaka wa lauyoyi a ofis bai gaya wa mai karatu komai ba. Abin da ake so shi ne sunan ofishin, da garin, da watannin da aka yi, sannan layi biyu zuwa huɗu masu faɗin ainihin aikin. Misali, ya tsara daftarin takardar neman beli da takardar rantsuwar da ke raka ta a ƙarƙashin Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, ko ya binciko hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli kan karɓar shaidar da aka ciro daga kwamfuta bisa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, ko ya shirya takardun rajistar kamfani a hukumar CAC bisa Dokar Kamfanoni ta 2020. Lauyan da ya ga irin waɗannan layuka ya san aikin da zai iya miƙa wa mai su tun ranar farko.

A nan ma kalma tana da nauyi. Ɗalibi yana tsara daftari, lauya ne ke sa hannu. Ɗalibi yana raka lauya kotu, ba ya tsaya wa kowa a gaban alƙali. Wanda ya rubuta cewa ya kare wanda ake tuhuma alhali ba a rantsar da shi ba, ya nuna bai san iyakar matsayinsa ba. Aikin da ba na shari'a ba, kamar koyarwa ko kula da shago, yana iya shiga a taƙaice idan ya nuna riƙon amana, ko ya bayyana abin da mutum ya yi a shekarun da ba ya makaranta.

Gasa da rubuce-rubuce da ƙungiyoyi

Gasar kwaikwayon zaman kotu tana nuna iya bincike da iya magana a gaban alƙali. Daga cikin sanannu akwai gasar Jessup ta dokokin ƙasa da ƙasa, da gasar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da Jami'ar Pretoria ke shiryawa, ban da waɗanda tsangayoyi ke yi a cikin gida. A faɗi shekara, da rawar da ɗalibi ya taka, da zagayen da tawagarsa ta kai. Maƙalar da aka buga a mujallar tsangaya a kawo takenta da sunan mujallar da shekara. Muƙami a ƙungiyar ɗaliban shari'a ta LAWSAN ko wata makamanciyarta yana da amfani idan an haɗa shi da abin da aka aiwatar. Jerin tarukan da aka halarta don karɓar satifiket kawai ba ya ƙara komai.

Ƙwarewa da harsuna

Kalmomi irin su ƙwazo da gaskiya da iya zama da jama'a kowa yana rubuta su, kuma babu mai iya tabbatar da su daga takarda. Abin da ake iya gwadawa shi ne iya bincike a kundin hukunce-hukunce na NWLR ko manhajar LawPavilion, da iya tsara dogon rubutu a Microsoft Word, da horo kan sulhu da sasanci idan akwai shaidarsa.

Harshe ma jari ne. Da Turanci ake rubuta CV, domin shi ne harshen manyan kotuna, amma a ciki a ambaci Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Yarabanci, ko Ibo, tare da bayyana ko mutum yana iya rubutawa ko magana kawai. Lauyan da ke jin harshen wanda ya kawo ƙara ba ya buƙatar tafinta wajen ɗaukar bayani. Larabci yana da amfani a shari'ar Musulunci, Faransanci kuma a Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda ke aiki da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal.

Kowane wuri da abin da yake nema

Takarda ɗaya ba ta isa a aika wa kowa. Ofishin da ya fi ƙarfi a shari'ar kotu yana son ganin gasar kwaikwayon kotu da daftarin takardun ƙara a sama. Ofishin harkokin kamfanoni a Legas ko Abuja yana duba dokar kamfanoni, da haraji, da yarjejeniyoyi. Ma'aikatar shari'a ta jiha za ta kula da sanin dokar laifuka da ake aiki da ita a can, tun da tsarin Penal Code ne a jihohin Arewa, Criminal Code kuma a Kudu. Ƙungiyoyin kare haƙƙi suna daraja aikin sa kai. Bayanan ba sa canzawa, jerin su ne ke canzawa.

Sirri da gaskiya

Ƙa'idojin Ɗa'ar Lauyoyi, waɗanda aka sabunta a 2023, sun wajabta wa lauya riƙe sirrin wanda ya ɗauke shi aiki, kuma ana sa ran duk mai aiki a ofishinsa ya riƙe. Saboda haka ba a sa sunan mai ƙara, ko kuɗin ciniki, ko bayanin shari'ar da ba ta fito fili ba. Ya isa a ce rikicin fili ne a babbar kotun jiha, ko yarjejeniyar haya ce ta wani kamfani.

Ƙarya a CV ta fi tsada ga ɗalibin shari'a fiye da kowa. Sashe na 4 na Dokar Lauyoyi ya sa kyawun hali cikin sharuɗɗan rantsarwa, jabun takarda kuma laifi ne a dokokin Arewa da na Kudu. Bugu da ƙari, lauyoyin gari ɗaya sun san juna, kuma kiran waya ɗaya ya isa a gano ko mutum ya zauna a ofishin da ya ambata. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tsari da aikawa

Shafi ɗaya ya ishi ɗalibi, sabon lauya kuma kada ya wuce biyu. A yi amfani da salon haruffa guda, baƙi a kan fari, ba ado. A rubuta sunayen dokoki da kotuna da shekarunsu daidai, domin a nan idon lauya ke fara sauka. Masu ba da shaida biyu sun isa, malami ɗaya daga tsangaya da lauya ɗaya da aka yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma sai an nemi izininsu kafin a sa sunansu.

A aika takardar a tsarin PDF, da sunan mai ita a jikin fayil ɗin, tare da gajeriyar wasiƙar neman aiki da ke faɗin dalilin zaɓen wannan ofishi. A tanadi takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, domin doka ta ɗora wa masu ɗaukar aiki neman ta, lauyan da aka rantsar kuma ya tanadi rasit ɗin kuɗin aikin lauya na shekara, wanda ake biya kafin ƙarshen watan Maris. Kafin aikawa, yana da kyau wani lauya ko malami ya karanta ta, sannan mai ita ya bi ta layi-layi yana tambayar kansa ko zai iya kare kowanne idan aka tsare shi da tambaya a ranar ganawa. Layin da ba zai iya karewa ba, sai ya cire shi.