Rabin aji: yadda nazare ta zama ta gwamnati a takarda

1/ Mu 'yan Sabuwa yawancinmu mun taso da tunanin nazare ta 'ya'yan masu hali ce, sai ka je Funtua ko Zariya ka gan su da jaka da kular abinci. Ashe tun 2004 gwamnati ke da hannu a ciki. Ku biyo ni.

2/ Kafin boko, yaro ɗan shekara 4 makarantar allo yake zuwa, a zauren malam, a biya kuɗin Laraba. Ita ce nazarenmu ta asali, kuma har yau ba ta mutu ba.

3/ A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, firamare kyauta. Amma tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya bar karatun 'yan ƙasa da shekara 6 a hannun 'yan kasuwa. Gwamnati ta ce nata kawai sa ido da ƙarfafa gwiwa.

4/ To ɗan kasuwa ina zai kafa makaranta? Inda ake da albashi mana. Wa zai zo ƙauyen da sai an sayar da masara ake ganin kuɗi? Tun daga nan aka tsere mana, tun ma kafin a ƙirƙiri jihar Katsina a 1987.

5/ A Sakkwato aka ƙaddamar da UBE, ranar 30 ga Satumba 1999, dokarta ta fito a 2004. Ita ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, aka ware wa shirin kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Sai dai fa jiha ba ta taɓa kuɗin sai ta ajiye nata kason.

6/ Ga inda gizo ke saƙar: abin da dokar ta wajabta firamare ne da ƙaramar sakandare. Nazare an ambace ta, ba a tilasta ba. Sai a 2013 sabon tsarin ilimi ya ƙara shekara ɗaya kyauta kafin aji ɗaya. Shi ne rabin aji da muke faɗa. Tsari kuwa ba doka ba ne, ba mai kai gwamna kotu a kansa.

7/ Sannan ga tsaro. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, wace uwa ce a yankin Faskari ko Sabuwa za ta saki ɗan shekara 5 ya bi hanyar gona?

8/ Hutun da ya wuce na raka ƙanwata rabin ajinsu. Malama ɗaya, tabarma biyu, yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa. Wallahi tana ƙoƙari, da ƙwallayen goruba take koya musu ƙirge. Na tambaye ta ko an taɓa ba ta horo kan ƙananan yara. Dariya ta yi, ta ce daga aji huɗu aka ɗauko ta ranar da ɗakin ya rasa mai tsaro.