Hakkin Kare Tsakanin Binciken Likitoci da Rahamar Musulunci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata rana a nan Kongolam na iske ɗalibaina suna jifan wani kwikwiyo. Da na tsawata musu, sai ɗayansu ya ce: "Malam, ai kare najasa ne." Wannan ne ya sa na waiwayi tarihi.

A 1903 wasu mata biyu 'yan Suwidin suka fallasa yadda aka feɗe wani kare da ransa gaban ɗaliban likitanci a Landan. Aka kafa masa mutum-mutumi a 1906, rikici ya ɓarke a 1907, hukuma ta cire shi a 1910. Gwagwarmayar ba ta mutu ba: a 2022 an kwashe karnuka kusan 4,000 daga gidan kiwo na kamfanin Envigo a Amurka, inda ake hayayyafa su domin gwaji, saboda azabar da suke sha.

Sai dai adalci wajibi ne. A kan karnuka aka yi gwajin da ya kai ga gano insulin a Toronto a 1921, ga shi masu ciwon sukari suna rayuwa da shi.

To ina matsayinmu? Bukhari ya ruwaito cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Malamai kuma sun ƙa'idance cewa lalura ana auna ta gwargwadonta. Saboda haka ko mai neman magani ba a sakar masa mara ba, balle mai jifa don wasa. Wanke ƙwaryar da kare ya lasa ibada ce, cutar da shi kuwa zalunci ne.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.