Kibiyar Turkawa da Sirrin Tafiyarta

A wata unguwa ta birnin Istambul, a ƙasar Turkiyya, akwai waɗansu dogayen duwatsu a tsaye tsakanin gidaje da shaguna. An sassaƙa rubutu a jikinsu, amma ba na kaburbura ba ne. Kowane ɗaya yana nuna wurin da kibiyar wani gwani ta faɗi. Sunan unguwar Okmaidan, wato filin kibiya.

Bayan da Sarki Muhammadu na 2 ya ci birnin a shekara ta 1453, sai ya keɓe wannan fili domin masu harbi da baka. Daga baya aka gina musu zaure inda suke taruwa, suka zama ƙungiya mai shugaba da dokoki da littafin sunaye. Ba a rubuta sunan mutum sai ya harba kibiya ta kai gez 900 a gaban shaidu. Gez shi ne ma'auninsu na tsawo, gez 900 kuwa ya kusa mita 600. Wanda ya wuce na gabansa akan kafa masa dutse. A ƙarni na 16 wani mai suna Tozkoparan Iskandar ya kai gez 1281 da rabi, wajen mita 846 ke nan.

Mai karatu zai ce ai ƙarfin damtse ne ya kawo wannan, ko kuwa kyawun baka. Gaskiya ne bakan Turkawa abin mamaki ne. Akan haɗa shi da abu uku: itace a tsakiya, ƙahon ɓaunar gida a gefen da ke fuskantar mai harbi, da jijiya a bayansa, duka a manne. Aikinsa yakan ci shekara ko fiye, gama sai an jira kowane shafi ya bushe. In an kwance masa tsarkiya yakan lanƙwashe ta gaba kamar jinjirin wata, in an ɗaura kuwa sai bakunansa biyu su riƙa karkata gaba. Wannan lanƙwasa ce take tara ƙarfi mai yawa cikin gajeren baka. Amma gwanayen filin sun sani ƙarfin baka banza ne idan kibiya ta fita tana kaɗa wutsiya. Kibiyar da ke lilo a sama tana ba iska gefenta, iska kuwa takan cinye mata gudu tun ba ta yi nisa ba.

Ga inda wuyar take. Tsarkiya tana komawa daidai tsakiyar baka, amma kibiya tana kwance a gefen mariƙi. Turkawa suna jan tsarkiya da babban yatsa, da zobe na ƙashi ko hauren giwa a kansa, suna ɗana kibiya a hannun dama na baka. Da ido, kibiyar tana duban gefe tun kafin a sake ta. Duk da haka a hannun gwani takan tafi inda aka auna. Wata kuma, daga baka ɗaya da hannu ɗaya, sai ta daki mariƙi ta kauce. Masu yin kibau sun gane cewa kowane baka yana da irin kibiyar da ta dace da shi. Wadda ta cika taushi ba ta iya ɗaukar bugun baka mai ƙarfi, wadda ta cika tauri kuwa ba ta jin baka mai sanyi.

Saboda haka aikin yakan fara tun daga zaɓen itace. Sun fi son wani itace mara nauyi mai miƙaƙƙen jiki da suke kira cam. Akan tsaga shi bisa ga yadda jijiyoyinsa suka kwanta, a ajiye shi shekaru har ya bushe sarai, gama ɗanyen itace yakan karkace bayan an gama aiki. Sa'an nan a fiƙe shi ya yi kauri a tsakiya, ya tsuke ta kai da ta gindi. Kaurin tsakiya yana ba shi tauri a wurin da ya fi tanƙwaruwa, siririn baki kuwa yana rage masa faɗa da iska. Kibiyar gasar nisa ba ta wuce santimita 65 ba, nauyinta kuma bai kai giram 20 ba. A kanta akwai ɗan ƙaramin tsini na ƙashi ko hauren giwa, domin ba kisa aka yi ta ba.

In an gama sai gwaji. Tun zamanin dā Larabawa suna da dabarar ɗora kibiya a kan farce su murza ta: miƙaƙƙiya takan juya lami lafiya, karkatacciya kuwa takan yi tsalle. Akan auna nauyin kibau domin 'yan kwari ɗaya su zo daidai, a kuma ɗora kowace a yatsa a ga inda nauyinta ya tsaya. Gashin tsuntsun da ake manna wa gindi dole ya fito daga fiffike ɗaya, ko na dama ko na hagu, gama kowane gashi yana da nasa karkata. In an gauraya su sai ɗaya ya juya kibiya nan, ɗaya can. A kibiyar nisa gashin ƙanƙane ne ƙwarai, wani lokaci ma da jemammiyar fata mai sirin takarda ake yinsa. Babban gashi yana ɓoye laifin kibiya amma yana jan ta baya. Wanda ya rage gashi ya san bai bar laifin da za a ɓoye ba.

Akwai kuma wani ɗan kwararo na ƙaho da ake kira sifer, wanda mai harbi yake ɗaurawa a wuyan hannun da ke riƙe baka. Da shi ake iya jan tsinin kibiya ya shige bayan mariƙi. Ta haka gajeriyar kibiya takan sami cikakken ja, ga shi kuwa gajarta tana ƙara mata tauri ba tare da ƙarin nauyi ba.

Ba Turkawa suka fara rubuta irin wannan ilimi ba. Wajen shekara ta 1368, a zamanin Mamluka na Masar da Sham, wani gwani mai suna Taibuga ya rubuta littafi da Larabci a kan baka da kibiya da yadda ake harbi. Amma yawancin sanin yana hannun masu sana'a, daga maigida zuwa yaronsa. Sa'ad da bindiga ta kori baka daga fagen yaƙi, sai sana'ar ta fara janyewa. Wajen 1795 wani magatakardan jakadan Turkiyya a Landan, Mahmudu Efendi, ya harba kibiya yadi 482 a gaban maharban Ingila, suka riƙe baki. A Okmaidan kuwa wannan nisa ba zai sa a rubuta sunan mutum ba. Sarki Mahmudu na 2, wanda shi kansa mai harbi ne, ya umarci Mustafa Kani ya tattara abin da gwanaye suka sani. An buga littafin a Istambul a 1847. A 1925 gwamnatin sabuwar Turkiyya ta rufe zawiyoyi, daga baya kuma gidaje suka cinye filin, duwatsu da yawa suka ɓace.

Littafin Kani ne ya tsirar da ilimin. Wani Bajamushe, Joachim Hein, ya yi nazarinsa a shekarun 1920, sa'an nan masanin kimiyya Paul Klopsteg na Amurka ya wallafa littafi a kan bakan Turkawa a 1934. A cikin shekarun 1930 ɗin ne abokinsa Clarence Hickman ya ɗauki fitar kibiya da na'urar hoto mai sauri ƙwarai. Da aka rage gudun hoton, sai ga abin da ido bai taɓa gani ba. Ashe kibiya ba ta fita a miƙe. Tsarkiya tana tura gindinta kafin kanta ya motsa, sai ta tanƙware, ta mayar ɗaya gefen, ta kewaye mariƙi kamar maciji. In taurinta ya dace da ƙarfin baka, gindinta yakan wuce bai taɓa kome ba. Abin da masu sana'ar Istambul suka gane da hannu, shi na'ura ta tabbatar.

Yau akan auna taurin kibiyar itace da lissafi. Akan ɗora ta a kan matokara biyu masu nisan santimita 66, a rataya nauyin wajen giram 900 a tsakiya, a ga iyakar lanƙwasarta. Amma hukunci na ƙarshe yana wurin harbi. Akan harba kibiya mara gashi tare da masu gashi a ɗan gajeren nisa. In ta kauce gefe, taurinta bai dace ba. Mai taushi akan rage mata tsawo ko nauyin kai, mai tauri kuwa akan ƙara mata nauyin kai. In tana ɗaga gindi sama da ƙasa, sai a gyara wurin da ake ɗana ta a tsarkiya. Maharbin ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan gwaji ba, gama kibiyarsa ta kyauro ba ta da gashi ko ɗaya. Nauyin ƙarfen da ke kanta ne yake jan ta a miƙe, shi kuma yakan zaɓi kyauronsa ɗaya ɗaya.

A 2013 aka sake buɗe zauren masu harbi a Okmaidan, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa harbin gargajiya na Turkawa cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gāda. Samari sun koma fiƙe itace suna murza shi a kan farce. Littafi ya ba su tsawo da nauyi da siffa, amma wace kibiya ce ta dace da wane baka, wannan sai wanda ya harba ya ga yadda ta tafi.