Injiniyan da Ya Hana Tonnerre Kofi: Tarihin Segun Odegbami

Dattawanmu da suka bi wasan ƙwallo ta akwatin rediyo ba za su manta da shekarar 1976 ba. A shekarar ce Tonnerre ta Yawunde, mai riƙe da kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, ta kai wasan ƙarshe karo na biyu a jere, tana taƙama da matashin ɗan wasanta Roger Milla. Sai dai Shooting Stars ta Badun ta karɓe kofin da ci 4 da 2 a wasanni biyu, ta zama ƙungiyar Najeriya ta farko da ta ɗauki kofin nahiya. Cikin waɗanda suka yi wa Kamaru wannan aika-aika akwai wani ɗan wasan gefe mai lamba 7, wanda ya karanci aikin injiniya. Sunansa Segun Odegbami.

An haife shi a Legas ranar 27 ga Agusta, 1952, amma a Jos ya tashi, garin haƙar kuza, inda Hausa ce harshen kasuwa da na filin wasa. Bayan ya gama sakandare ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha ta Badun. A can ya riƙe abu biyu da mutane da yawa ke ganin ba sa haɗuwa: darasi da safe, atisaye da yamma. Bai saki ɗaya don ɗaya ba.

Shahararren mai sharhin wasanni na rediyo, Ernest Okonkwo, shi ya laƙaba masa "Mathematical", wato ma'abocin lissafi. Laƙabin ya dace ta fuska biyu, domin ga karatun da ya yi, ga kuma yadda yake auna ƙwallo daga gefen dama ya ajiye wa abokin wasansa kamar da ma'auni. Ƙaddara ta hana shi buga gasar Olamfik ta Montreal a 1976, lokacin da ƙasashen Afirka suka janye saboda batun wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Amma rabo ba ya wuce mai shi. Ranar 22 ga Maris, 1980, a Legas, Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka. Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ya ƙara ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofin. A 1984 ya sake kaiwa wasan ƙarshe na zakarun Afirka tare da Shooting Stars, Zamalek ta Masar ta yi nasara, shi kuma ya yi sallama da fili.

A nan ne labarinsa ya bambanta da na takwarorinsa da dama. Ƙafa tana tsufa da wuri. Ɗan ƙwallo yakan gama aikinsa a shekarun da malami ko likita ke fara cin moriyar nasa. Mutane nawa ne jama'a suka ɗauka a kafaɗa jiya, yau kuɗin magani ya gagare su? Odegbami kuwa ya koma ga alƙalami, ya zama marubucin wasanni a jaridu da mai gabatar da shirye-shirye. Daga baya ya koma Wasimi, ƙauyen iyayensa a jihar Ogun, ya kafa makarantar sakandare ta kwana mai ɗauke da sunansa, inda yaro ke zama a aji ya kuma fita fili. Hikimarsa a bayyane take: cikin yaran da ke mafarkin zuwa Turai kaɗan ne za su isa, saboda haka wanda ƙwallo ta ƙi karɓa kada ya fita hannu rabbana.

Wannan darasi namu ne. Arewacin Kamaru ba baƙon ƙwallo ba ne. Coton Sport ta Garwa, wadda aka kafa a 1986 ƙarƙashin inuwar kamfanin auduga na SODECOTON, ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, ya ci wa ƙasa ƙwallon da ta kawo kofi a 2017, ya kuma zura wa Brazil a 2022. Kowane yaro a Tignère ya san wannan labari. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne yawan waɗanda suka bar makaranta, iyayensu suka sayar da shanu suka bai wa dillalan bogi, aka yasar da su a ƙasar da ba su san kowa ba.

Yau ga jami'a a Ngaundere, ga wata a Garwa. Uban da ya ga ɗansa da baiwar ƙwallo kada ya karya masa gwiwa, amma kada ya bari ya ajiye allo da littafi. Duk wata makarantar horar da yara da ta zo neman ɗanka, fara tambayarta ina ajin karatu, kafin ka tambayi ina fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a.