Sojoji Biyu na 1916 da Garkuwar da Ta Juya wa Jiki

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitocin Faransa Guillain da Barré da Strohl suka bayyana larurar sojoji biyu da gaɓoɓinsu suka rasa ƙarfi ba tare da an ji musu ciwo ba. Sai bayan shekaru aka gano musabbabin: sassan wasu ƙwayoyin cuta suna kama da rufin jijiyoyi, don haka garkuwar jiki kan kori cutar sannan ta afka wa jijiyoyin. Annobar Zika ta 2013 zuwa 2014 a Folinisiya ta Faransa ta jefa mutum 42 cikin wannan larura. Akasarin masu ita suna warkewa, wasu kuwa kasalar ƙafafu kan bi su shekaru bayan zazzaɓin ya wuce.