Farfaɗowar Ƙwallon Jami'ar Alabama a Hannun Nick Saban da Yadda 'Yan Mazan Jiya Suka Fassara Ta

Ƙwallon jami'o'i a Amurka wasa ne na ƙwallo mai siffar ƙwai da ake ɗauka a hannu a ruga da ita, mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, kuma a jihohin Kudu farin jininsa ya zarce na gasar ƙwararru. A jihar Alabama, inda babu ƙungiyar ƙwararru a babbar gasar NFL, ƙungiyar Jami'ar Alabama da ke garin Tuscaloosa ita ce abin alfaharin jama'a, sai kishiyarta Jami'ar Auburn. Ƙungiyar Alabama ta shafe kusan shekara goma tana cikin halin ni-'yasu kafin ta ɗauki Nick Saban a matsayin koci a watan Janairun 2007, daga nan kuma ta ci kofin ƙasa sau shida kafin ya ajiye aiki a Janairun 2024. Masu sharhi na ɓangaren ra'ayin mazan jiya sun daɗe suna kafa hujja da wannan farfaɗowa wajen nuna cewa horo, biyayya ga shugaba da riƙo da al'ada su ne ke tayar da abin da ya durƙushe. Akwai gaskiya a maganar tasu, sai dai tarihin ya nuna cewa kuɗi, ƙarewar takunkumi da kuma shirin watsar da tsohon salo sun taka rawar da ba ta gaza ta horon ba.

Cuɗanyar wannan ƙungiya da siyasa ta girmi Saban nesa ba kusa ba. A ranar 1 ga Janairun 1926 Alabama ta doke Jami'ar Washington da ci 20 da 19 a gasar Rose Bowl, jaridun Kudu kuwa suka ɗauki nasarar a matsayin huce haushin yankin da aka ci a yaƙin basasa, aka kuma daɗe ana yi masa kallon koma-baya. Paul Bryant, wanda ake yi wa laƙabi da Bear, shi ne ya jagoranci farfaɗowar da kowa ke auna ta Saban da ita. Ya karɓi ƙungiyar a 1958 bayan shekara uku da ta ci wasa huɗu kacal, ciki har da 1955 da ta sha kashi a wasanninta goma gaba ɗaya, ya kuma bar ta a 1982 da kofin ƙasa shida. Amma a zamaninsa ne Gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar zauren Foster na jami'ar, ranar 11 ga Yunin 1963, don hana ɗalibai baƙar fata biyu, Vivian Malone da James Hood, yin rajista. Ƙungiyar ta ci gaba da zama ta farar fata zalla har zuwa 1971, shekara guda bayan Jami'ar Kudancin California, mai baƙaƙen 'yan wasa, ta zo Birmingham ta lallasa ta da ci 42 da 21. A wannan shekara ta 1971 Bryant ya saka John Mitchell da Wilbur Jackson cikin 'yan wasansa, ya kuma sauya tsarin kai farmaki baki ɗaya. Rabin kofunansa shida sun zo ne bayan wannan sauyi, wato ko gwarzon da masu kiran a koma ga al'ada suke ambato sai da ya karya al'adar kafin ya sake miƙewa.

Bayan Bryant, Gene Stallings ya ci kofi a 1992, ya tafi a ƙarshen 1996, sai abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Magajinsa Mike DuBose ya ci kofin yankin SEC na jami'o'in Kudu a 1999, shekara mai zuwa ya ci wasa uku ya faɗi takwas. A Fabrairun 2002 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ƙaƙaba wa Alabama takunkumi, bayan an gano cewa wani attajirin magoyin baya ya bai wa kocin wata sakandare a Memphis maƙudan kuɗi don ya tura wani ɗan wasa Tuscaloosa. An hana ƙungiyar wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, an kuma zaftare mata guraben tallafin karatu 21 cikin shekara uku. Koci Dennis Franchione ya tsere zuwa Texas A&M, Mike Price an sallame shi a Mayun 2003 kan wani abin kunya tun bai jagoranci wasa ko ɗaya ba, Mike Shula kuma ya yi shekara huɗu bai taɓa doke Auburn ba. Abin lura a nan shi ne DuBose da Shula tsofaffin 'yan wasan jami'ar ne, 'yan gida da aka ɗauko saboda sun san al'adar wurin. Tunanin cewa sai ɗan gida ne zai iya riƙe amanar Bryant shi ne ya fi komai jefa ƙungiyar cikin rami.

Saban bare ne. Ɗan West Virginia ne, ya taɓa cin kofin ƙasa da abokiyar hamayya LSU a 2003, kuma yana horar da ƙwararrun Miami Dolphins lokacin da daraktan wasanni Mal Moore ya nace masa, bayan shi da kansa ya musanta a bainar jama'a cewa zai tafi Alabama. An ba shi kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 32, abin da ya tayar da ƙura a jihar da ke cikin mafiya talauci a Amurka. A watan Afrilun 2007 mutum 92,138 suka cika filin wasan Bryant-Denny don kallon atisayen da 'yan ƙungiyar ke yi a tsakaninsu, wasan da ba ya ƙara maki ko rage shi. Kakar farko ba ta yi armashi ba, domin wasa bakwai aka ci aka faɗi shida, har da shan kaye a gida a hannun ƙaramar jami'ar Louisiana-Monroe da ci 21 da 14. A 2008 aka ci wasa 12, aka kuma yi wa Auburn 36 da nema, abin da ya kawo ƙarshen shekara shida a jere da Auburn ta yi tana cin wannan wasa. A kakar 2009 Alabama ta ci wasanninta 14 duka, ta doke Texas 37 da 21 a wasan ƙarshe, Mark Ingram kuma ya zama ɗan wasanta na farko da ya sami kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan shekara. Sauran kofunan sun biyo a 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020.

Fassarar 'yan mazan jiya ta ginu ne a kan abin da Saban kansa yake koyarwa: kada ɗan wasa ya damu da sakamako, ya mai da hankali kan aikin da ke gabansa, ya yi shi daidai, wanda ya yi sakaci kuma ya ɗauki alhakinsa. Wannan ya yi daidai da ra'ayin cewa dogaro da kai da ladabi su ne maganin lalacewa, kuma ya dace da tsohon labarin Kudu mai riƙo da addini da iyali tana kunyata manyan biranen da ke raina ta. Irin wannan sharhi ya sami kasuwa sosai. Clay Travis, wanda ya yi suna da rubutu kan ƙwallon yankin SEC, ya mai da shafinsa na OutKick dandalin siyasar mazan jiya, kamfanin Fox ya saye shi a 2021, a shekarar kuma shi da Buck Sexton suka gaji lokacin shirin rediyon marigayi Rush Limbaugh. Tommy Tuberville, kocin Auburn da aka yi wa 36 da nema a 2008, ya zama sanatan jihar ƙarƙashin jam'iyyar Republican a zaɓen 2020, ba tare da ya taɓa riƙe muƙamin siyasa ba. Shugaba Donald Trump ya halarci wasan Alabama da LSU a Nuwamban 2019, inda aka yi masa tafi. A 2020, lokacin da yankin Big Ten na jihohin tsakiya ya ɗage kakarsa saboda cutar korona, SEC kuwa ta ce sai ta yi wasa, masu wannan sharhi sun ɗauki kofin da Alabama ta ci ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba a matsayin shaida cewa su ne ke da gaskiya.

Abin da wannan fassara ke tsallakewa shi ne ƙasar da aka shuka irin a kanta. Lokacin da Saban ya iso, raguwar guraben tallafin karatu ta riga ta ƙare, don haka yana da damar ɗaukar 'yan wasa daidai da kowa, damar da Shula bai samu ba a farkon zamansa. Moore ya riga ya fara tara kuɗi tun farkon shekarun 2000 don gyara wuraren atisaye da faɗaɗa filin wasa, wanda ya haura kujera dubu ɗari a 2010. Shugaban jami'ar, Robert Witt, ya ɗauki ƙwallon a matsayin talla ga makarantar, adadin ɗalibai ya tashi daga kusan dubu ashirin a 2003 zuwa sama da dubu 38 a 2017, kuma fiye da rabinsu daga wasu jihohi suke zuwa, suna biyan kuɗin makaranta mafi tsada. Ga kuɗin talabijin da ke kwarara cikin SEC. Da wannan arziki Saban ya tara rundunar mataimaka da masu nazarin bidiyo, wasunsu tsofaffin kocin manyan jami'o'i ne da aka sallama, ya kuma riƙa kwashe zaratan yaran sakandare, tun daga Julio Jones a 2008. Fiye da 'yan wasansa 40 aka zaɓa a zagayen farko na ɗaukar 'yan NFL. Jami'ar kuwa ta gwamnatin jiha ce, mafi yawan taurarinta baƙar fata ne, kuma har zuwa 2021 dokar NCAA ta hana su karɓar ko sisi da sunansu alhali albashin kocinsu yana hauhawa har ya haura dala miliyan 11 a shekara. Wanda ke neman misalin kasuwa sakakka ba zai same shi a nan ba.

Za a iya cewa kuɗi kaɗai ba ya cin kofi, kuma wannan ƙorafi ne mai ƙarfi. Texas ba ta gaza Alabama arziki ba, amma ta yi shekara uku a jere tana faɗuwa fiye da yadda take ci a hannun Charlie Strong. Nebraska ta dawo da ɗan gida Scott Frost a 2018, bai yi kakar nasara ko ɗaya ba. Tennessee ta sha kashi a hannun Alabama sau 15 a jere daga 2007 zuwa 2021. Ashe dai mutumin da ke riƙe da ragama yana da tasiri, kuma ba mai musun haka. Tambayar ita ce wane hali nasa ne ya bambanta shi. Idan tsanani ne, to ai Tennessee ta gwada almajiran Saban biyu, Derek Dooley da Jeremy Pruitt, waɗanda suka sha karatun horon a gabansa, dukansu kuma suka gaza, na biyun ma an kore shi a Janairun 2021 kan karya dokokin ɗaukar 'yan wasa. Wani almajirin nasa, Kirby Smart, ya yi nasara a Georgia a 2021 da 2022, amma shi ya tarar da jami'a mai kuɗi a jihar da ke cike da zaratan yara. Horo kowane koci yana ikirarinsa, kuma filayen atisayen Kudu ba su taɓa rasa masu tsawa ba.

Abin da ya ware Saban shi ne saurin sauka daga ra'ayinsa idan ya ga yana jawo masa asara. Kofunansa na farko ya ci su ne da tsaro mai ƙarfi da wasan a-hankali, har wasansa da LSU a Nuwamban 2011 ya tashi 9 da 6. Da salon kai farmaki cikin gaggawa ya fara yaɗuwa, ya fito ya soke shi, ya ce haɗari ne ga lafiyar 'yan wasa, ya kuma goyi bayan yunƙurin kafa dokar rage saurinsa. Dokar ba ta samu shiga ba, shi kuwa a 2014 ya ɗauko Lane Kiffin ya ba shi amanar sauya farmakin Alabama zuwa irin wanda yake suka. A wasan ƙarshe na Janairun 2018, ana cin su 13 da nema a hutun rabin lokaci, ya zaunar da Jalen Hurts, wanda ya kai su wannan matsayi, ya saka sabon shiga Tua Tagovailoa, suka doke Georgia 26 da 23. Zuwa 2020 ƙungiyar tana zuba maki sama da 48 a matsakaicin kowane wasa. Da wuya a kira wannan riƙo da al'ada.

Shi kansa Saban bai yarda wani ɓangare ya saka shi a aljihu ba, shi ya sa masu sassaucin ra'ayi ma suke kuskure idan sun ce nasu ne. A ƙarshen Agustan 2020 ya shige gaban 'yan wasansa a tattakin neman adalci ga baƙar fata, suka ƙare a ƙofar zauren Foster, inda Wallace ya tsaya. Ya fito a tallan wayar da kai yana kira a saka takunkumin fuska a kuma yi rigakafin korona. A Janairun 2022 ya sa hannu a wasiƙar da ke roƙon Sanata Joe Manchin, abokinsa tun yarinta, ya goyi bayan dokar kare 'yancin kaɗa ƙuri'a. Duk da haka shi ne ya gabatar da Trump a taron ɗaliban da suka kammala karatu a jami'ar a Mayun 2025, kuma a kan batun biyan 'yan wasa matsayinsa ya fi kusa da na masu neman a ja birki.

A kan wannan batu na ƙarshe ne sansanin mazan jiya ya rabu. A Yunin 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci baki ɗaya a kan NCAA a shari'ar Alston, kuma alƙali Brett Kavanaugh, wanda Trump ya naɗa, shi ne ya fi kowa zafi wajen sukar tsarin da ke hana 'yan wasa lada. Daga Yulin shekarar aka ba su damar samun kuɗi da sunansu, sauya sheƙa daga jami'a zuwa jami'a kuma ya zama ruwan dare. Masu kishin kasuwa sakakka suka yi murna, masu kishin al'ada irin su Tuberville suka ce an lalata wasan, suka nemi Majalisa ta sa baki. Saban ya yi ritaya ranar 10 ga Janairun 2024, daga baya ya bayyana cewa yadda tambayar 'yan wasa ta koma kan nawa za a biya su tana cikin abin da ya sa ya ga lokaci ya yi. Magajinsa Kalen DeBoer, wanda aka ɗauko daga Washington, ya ci wasa tara ya faɗi huɗu a kakarsa ta farko, ciki har da shan kaye a hannun Vanderbilt da ci 40 da 35, kuma a 2025 aka fara yarda kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko.